Murar da Ke Taɓa Zuciya

Akwai waɗansu ƙwayoyin cuta ƙanana ƙwarai waɗanda likitoci ke kira bairos. Su ne ke kawo mura da ƙyanda. Wani lokaci sukan bi jini har su kai ga naman zuciya, ya kumbura, ƙarfin bugunta ya ragu. Ɗaya daga cikinsu, watau Koksaki, a Amurka aka gano ta cikin 1948. Annobar korona ta 2020 ma ta yi wa waɗansu wannan ɓarna.

Ga alamun: mako ɗaya ko biyu bayan mura ko zawo, sai mutum ya riƙa jin ciwon ƙirji, da haki, da faɗuwar gaba, ƙafafunsa su kumbura. Ko samari majiya ƙarfi ba su tsira ba.

Saboda haka ana roƙon hakimai da malamansu su gargaɗi dagatai: wanda aka ga haka gare shi, kada a ce ragwanci ne. A kai shi asibiti maza, a ɗauke masa noma da kokawa wata 3 zuwa 6, gama aikin ƙarfi yana iya tsai da zuciyar farat ɗaya. Allurar penisilin ba ta kashe bairos. Amma yawancin waɗanda suka huta sukan warke.