Rashin Barci Bayan Zuciya Ta Tsaya

A ƙauyukanmu na Birnin Gwari, idan zuciyar mutum ta tsaya aka farfaɗo da shi a asibiti, mukan ce ya warke ke nan. Amma da yawa suna tsoron rufe ido, kada zuciyar ta sake tsayawa cikin barci. Rashin barci kuwa yakan ƙara hawan jini.

Bari wani ya riƙa kwana kusa da shi. Ban da goro ko shayi da yamma. Mu kasa kunne da dare: in yana minshari numfashinsa yana ɗaukewa, ko ya farka yana haki har sai ya tashi zaune, wannan ya wuce tsoro. Mu kai shi Babban Asibitin Birnin Gwari, in ta kama a tura shi Shika, Zariya.