Shekarar da Gona ke Hutawa: Darasi daga Yahudawan Zamaninmu

A darasinmu na wannan fitowa za mu duba wata tsohuwar doka da Yahudawa suke fama da ita har yau, wato dokar hutar da ƙasa a kowace shekara ta bakwai. Da Ibrananci ana kiranta Shemita, ma'anarta saki. Da yawa daga cikinmu da muka karanta ta a Tsohon Alkawari mun ɗauka ta wuce tare da zamanin annabawa, amma tana nan da ranta. An yi Shemita daga Satumba 2021 zuwa Satumba 2022, wata kuma za ta fara a Satumba 2028. Duk lokacin da ta zagayo, sai maganar farashin tumatir, da bashin talaka, da siyasar Isra'ila su taso gaba ɗaya. Tambayar da ke gabansu ta shafi duk mai aikin taimakon jama'a: yaya za a kiyaye dokar da aka kafa don jinƙai ba tare da ta cuci waɗanda aka kafa ta dominsu ba?

Abin da dokar ta ƙunsa

Ana samun dokar a wurare uku: Fitowa sura 23, Littafin Firistoci sura 25, da Maimaitawar Shari'a sura 15. Tana da ɓangare biyu. Na farko ya shafi gona. Manomi zai yi noma shekara 6, a ta 7 kuma ba zai yi shuka ba, ba zai aske kuringar inabi ba, ba zai yi girbi don kai wa kasuwa ba. Abin da gona ta fitar da kanta na kowa ne: mai gona, da bara, da baƙo, da matalauci, har da dabbobi. Dalilin shi ne ƙasa ta Allah ce, mutum baƙo ne a kanta. Ɓangare na biyu ya shafi bashi. Idan shekarar ta ƙare, wanda ya ba ɗan'uwansa rance ba zai ƙara binsa ba.

Malaman Yahudawa, waɗanda ake kira rabbai, sun yi bayanin yadda za a aikata wannan dalla-dalla. Dokar gona tana aiki a ƙasar Isra'ila kaɗai, don haka Bayahude mai gona a Amurka ko Faransa ba ta hau kansa ba. Dokar bashi kuwa tana bin Bayahude duk inda yake. An yarda a ba itatuwa ruwa don kada su mutu, amma ba a yarda a yi aikin da zai ƙara musu yabanya ba. Ana ɗaukar 'ya'yan itacen wannan shekara da tsarki: ba a wulaƙanta su, ba a kasuwanci da su. A gidajen masu kiyaye dokar akwai wani kwano dabam da ake zuba ragowarsu, sai sun ruɓe a zubar.

Akwai wani hukunci da manomi zai gane nan da nan. Rabbai na dā sun hana cin gyauron hatsi da na kayan lambu a wannan shekara, ko da yake asalin dokar ta yarda da shi. Sun lura cewa wasu suna shuka a ɓoye, sa'an nan su ce gyauro ne. Tun farko ke nan malaman suna duban halin mutum yadda yake.

Hillel da matsalar bashi

Yafe bashi abu ne mai daɗin ji, amma ga abin da ya faru. Da shekara ta bakwai ta matso, sai masu kuɗi su kama hannunsu, domin sun san abin da suka bayar ba zai dawo ba. Maimaitawar Shari'a ta riga ta gargaɗe su a kan wannan hali, duk da haka suka yi. Talakan da aka so a sauƙaƙa masa sai ya rasa mai ba shi rance a lokacin da ya fi bukata.

Wani babban malami mai suna Hillel, wanda ya rayu a Urushalima a zamanin Sarki Hirudus, ya fito da wata takarda da ake kira furozbul. Mai bin bashi zai miƙa basussukansa ga kotun addini. Tun da dokar ta yi magana ne a kan bashin da ke tsakanin mutum da ɗan'uwansa, bashin da ke hannun kotu ba ya faɗuwa. Da haka ƙofar rance ta sāke buɗewa. Har yau Yahudawa masu bin addini suna cika wannan takarda a gaban kotu ta mutum uku kafin shekarar Shemita ta ƙare. Wasu suna ganin Hillel ya kauce wa dokar ne. Wasu kuma suna cewa ya ceci manufarta, wato kada matalauci ya rasa abin hannu. Ban da wannan, Yahudawa sun riƙe al'adar asusun rance marar ruwa, wanda suke kira gemak. Unguwannin masu addini a Isra'ila cike suke da irinsa, a birnin New York kuma akwai wanda aka kafa tun 1892, yana aiki har yanzu.

Da aka koma gona

Shekaru aru-aru yawancin Yahudawa suna warwatse a wasu ƙasashe, kaɗan ne suke noma a ƙasar kakanninsu, saboda haka dokar gona ta zama abin karatu kawai. Daga 1882 Yahudawa daga Rasha da Romaniya suka fara kafa ƙauyukan noma a Falasɗinu, wadda take ƙarƙashin daular Usmaniyya ta Turkiyya a lokacin. Talakawa ne, ba su saba da ƙasar ba, zazzaɓin cizon sauro yana kashe su, da yawansu kuma sun dogara ga tallafin wani attajiri na Faransa, Baron Edmond de Rothschild. Sai ga Shemita ta 1888 zuwa 1889 ta iso. Idan suka bar gonakinsu shekara guda, ƙauyukan za su iya watsewa.

Wasu rabbai na Turai ta Gabas, da goyon bayan Rabbi Yitzchak Elchanan Spektor na garin Kovno a Lituwaniya, suka ba da izinin da ake kira heter mekira, wato izinin sayarwa. Za a sayar da gonar ga wanda ba Bayahude ba na ɗan lokaci, a ci gaba da aiki a cikinta, bayan shekarar ta wuce ta dawo hannun mai ita. Manyan rabbai na Urushalima, irin su Rabbi Shmuel Salant, suka ƙi. Manoman ƙauyen Ekron, wanda ake kira Mazkeret Batya a yau, suka bi malaman Urushalima suka bar gonakinsu, suka yi rigima da wakilan Rothschild, suka sha wuya ƙwarai.

A Shemita ta 1909 zuwa 1910, Rabbi Abraham Isaac Kook, wanda yake malamin Yafa a lokacin, ya kāre wannan izini, amma ya ɗauke shi a matsayin maganin lalura na ɗan lokaci. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Daga baya Rabbi Avraham Yeshaya Karelitz, wanda aka fi sani da Hazon Ish, ya zo ƙasar a 1933 ya zauna a Bene Barak, ya yi tsayin daka a kan cewa cinikin ba na gaskiya ba ne, tun da mai sayarwa da mai saye duk sun san ba rabuwa da gonar za a yi ba, kuma bai halatta a sayar da ƙasar ba ko na kwana ɗaya. Wannan saɓani ne ya raba Yahudawa masu addini gida biyu a kan Shemita har yau.

Hanyoyin da ake bi a yau

Tun da aka kafa ƙasar Isra'ila a 1948, ana bin hanyoyi huɗu.

Ta farko ita ce izinin sayarwa. Ofishin Manyan Rabbai na ƙasa ne yake shirya cinikin a madadin manoman da suka sa hannu. Wannan hanya ce take riƙe da yawancin noman kasuwa.

Ta biyu ita ce rumbun kotu, otsar bet din da Ibrananci. Kotun addini tana ɗaukar manomi ya zama ma'aikacinta. Yana kula da itatuwa, ya tsinke 'ya'yan, kotu ta rarraba wa jama'a. Kuɗin da ake karɓa na ɗawainiya ne kawai, wato tsinka da dako da ajiya. An fi yin haka da 'ya'yan itace da inabi.

Ta uku ita ce shuka a cikin tukwane ko buhunan da ba su taɓa ƙasa ba, a ƙarƙashin rumfa mai rufi. Wasu rabbai sun yarda cewa irin wannan ba gona ba ce a idon dokar.

Ta huɗu ita ce barin gona gaba ɗaya. Ƙauyen Komemiyut ya yi suna a kan wannan. Akwai wani asusu mai suna Keren Hashviis da yake tara gudummawa daga Yahudawan ƙasashe dabam-dabam don tallafa wa manoman da suka ajiye kayan aiki, gwamnati ma takan ware kuɗi domin manoma a wannan shekara.

Su kuma masu tsananin riƙo da addini, waɗanda ake kira Haredi, kimanin kashi 13 cikin 100 na mutanen Isra'ila, ba sa cin amfanin gonar da aka sayar ta hanyar izini. Yawancinsu suna sayen kayan lambu daga manoma Larabawa, ko waɗanda aka shigo da su daga ƙasashen waje. Kayan sukan yi tsada, alhali iyalansu suna da yawa kuma da dama daga cikinsu masu ƙaramin ƙarfi ne.

Inda siyasa ta shigo

A Isra'ila, otal ko gidan abinci ko kanti yana bukatar takardar shaida cewa abincinsa kosha ne, wato ya dace da dokokin abinci na Yahudawa, in yana son masu addini su saya. A 2007 Ofishin Manyan Rabbai ya bar wa rabbin kowane gari ya yanke hukunci da kansa a kan izinin sayarwa. Rabbai na wasu garuruwa suka hana takardar ga duk mai sayar da amfanin irin waɗannan gonaki. Manoma suka ga kasuwarsu za ta rushe. Wata ƙungiyar rabbai mai suna Tzohar ta ce za ta ba da tata takardar. Magana ta kai Kotun Ƙoli, a watan Oktoba 2007 kuma kotun ta umarci Ofishin ya tabbatar an ba da takardun. Ɓangare ɗaya yana cewa yana kāre tsarkin doka. Ɗaya ɓangaren yana cewa ba daidai ba ne tsarkin mai saye a birni ya zama asarar manomi a ƙauye.

Shemita ta taɓa har rikicin Isra'ila da Falasɗinawa. Bayan Hamas ta karɓi iko da Zirin Gaza a 2007, Isra'ila ta hana amfanin gonar Gaza shiga kasuwanninta. A watan Maris 2015, cikin shekarar Shemita, aka bar tumatir da gauta na Gaza suka shiga karo na farko tun wancan lokaci, saboda masu addini suna bukatar kayan da ba Bayahude ne ya noma ba. Abin da shekaru na roƙo bai buɗe ba, bukatar kasuwa ta buɗe shi.

Abin da muke koya

Ba muna cewa a ɗauko wannan doka a ɗora wa manomanmu ba. Amma mu ma mun san gonar da ta gaji, mun san yadda kakanninmu sukan bar gona ta zama saura har ta farfaɗo, mun kuma san yadda ƙarancin fili ya sa hakan ya yi wuya yanzu. Akwai abubuwa uku da za mu ɗauka.

Na farko, kyakkyawar niyya ba ta isa ba. Dole a bi sawun kowace ƙa'ida a ga abin da ta haifar. Hillel ya duba ya ga talaka ya rasa rance, sai ya nemi mafita. Ƙungiyar adashi ko bankin hatsi da ya yafe kowane bashi ba tsari zai ƙare, na baya su tarar da rumbu wayam. Wanda kuma bai taɓa sassauta wa kowa ba zai kori mabukata na gaskiya.

Na biyu, idan hutun ƙasa amfanin kowa ne, bai kamata manomi shi kaɗai ya ɗauki nauyinsa ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Rumbun kotu da asusun tallafi hanyoyi ne na raba nauyin tsakanin mai noma da mai ci. Duk wanda zai ce wa manomi ya hutar da gonarsa, ko ya dasa itatuwa a cikinta, sai ya fara amsa masa abin da iyalinsa za su ci kafin amfanin ya zo.

Na uku, mafitar lalura tana iya zama al'ada. Izinin da aka bayar a 1888 don ceton ƙauyuka kaɗan ya haura shekara 130 ana amfani da shi. Masu sukarsa suna tuna wa jama'a cewa manufar dokar ita ce mai gona ya saki hannunsa, matalauci ya shiga ya ci. Ya kamata mu riƙa komawa ga manufar kowane shiri namu lokaci lokaci, mu tambayi kanmu ko har yanzu yana kai wa ga wanda aka yi shi dominsa.

Tambayoyi don tattaunawa a ƙungiya

1. Me ya sa masu kuɗi suka daina ba da rance kafin shekara ta bakwai? Mun taɓa ganin wata ƙa'idar taimako da ta juya ta cuci mabukata?

2. A ganinmu Hillel ya kauce wa dokar ne, ko ya cika manufarta? Bari kowa ya kawo dalilinsa.

3. Cikin hanyoyi huɗun nan, wacce ta fi yi wa manomi adalci, wacce kuma ta fi yi wa matalauci?

4. Idan wani a ƙungiyarmu ya kāsa biyan bashi saboda fari ko rashin lafiya, wane tsari muke da shi a rubuce? Idan babu, su wa za mu sa su tsara shi kafin taronmu na gaba?