Ɗinkin 'Yar Tsana da Saƙar Kayan Wasan Ƙananan Yara

An shirya wannan darasi ne domin iyaye mata, da teloli, da malaman da ke koyar da sana'ar hannu a makarantu da azuzuwan manya. Nufinsa shi ne a nuna yadda za a ɗinka ko a saƙa abin wasa mai laushi da ƙyallayen da ke zube a gida, yadda yaro zai yi wasa da shi ba tare da ya jawo masa lahani ba.

'Yar tsana ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Tun kaka da kakanni 'yan mata ke ɗaura wa totuwar masara ko guntun kara zane, su goya shi, su yi masa wasan biki. Ta ƙyalle mai cushe da auduga kuwa, wadda ake sayarwa a kantuna, sana'arta ta bunƙasa ne daga hannun wata tela Bajamushiya, Margarete Steiff, wadda shan inna ya nakasa tun tana ƙarama. A shekarar 1880, a garin Giengen, ta ɗinka ɗan giwa na ƙyalle domin mata su riƙa soka allurai, sai yara suka mai da shi abin wasa. Kamfanin da ta kafa yana nan har yau. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 game da haƙƙin yara, wadda Nijeriya ta amince da ita a 1991, ta lissafa wasa cikin haƙƙoƙin yaro, haka kuma Dokar Haƙƙin Yara ta 2003.

To, amma akwai abin lura. Kayan masana'antu da waɗanda ake shigo da su daga waje suna da hukumar da ke duba ingancinsu, watau SON, wadda aka kafa a 1971. Abin da aka ɗinka a tsakar gida kuwa babu ma'aikacin da zai zo ya duba shi. Mai ɗinkin ita ce mai dubawa, saboda haka wajibi ne ta san abin da ake dubawa.

Bakin yaro

Jariri yakan fara miƙa hannu ya kama abu yana ɗan wata 4 ko 5, kuma duk abin da ya kama baki zai kai shi. Wajen wata 6 haƙora kan fara fitowa, sai cizo ya ƙaru. Wajen wata 9 yakan iya tsintar ƙaramin abu da babban yatsa da manuni, ya ja, ya tsinka. Wannan hali ba ya barinsa sosai sai ya kai shekara 3. Hanyar numfashinsa kuwa ƙarama ce, tarinsa ba shi da ƙarfin fitar da abin da ya maƙale. Maɓalli guda ya isa ya toshe ta, kuma cikin 'yan mintoci kaɗan rai na iya salwanta.

Saboda haka ne masu gwajin kayan wasa a Amurka da Turai suke da wani ɗan bututu mai faɗin milimita 31.7, kimanin faɗin maƙogwaron yaro ɗan ƙasa da shekara 3. Duk abin da ya shige cikinsa gaba ɗaya, ba a yarda a sa shi a kayan wasan irin waɗannan yara ba. A gida ana iya gwadawa da bututun kwalin da ke cikin takardar bayan gida. Ya ɗan fi wancan faɗi, wannan kuwa ƙarin tsaro ne.

Da wannan ma'auni za a ga maɓalli, da duwatsun ado, da wuri, da ƙananan ƙararrawa, da idanun roba da ake sayarwa a kasuwa, duk sun faɗi. Sau da yawa mai ɗinki takan ce ai ta ɗaure maɓallin tam, ba zai cire ba. Zare yana ruɓewa da yawu da wanki, yaro kuwa ba shi da wani aiki sai wannan maɓalli, yau da gobe sai ya ga bayansa. Ido da baki da hanci a yi su da allura da zare, irin ɗinkin da masu hula suke cike zane da shi. Akwai gidajen da ba su son a yi wa 'yar tsana fuska saboda dalilin addini. Ba a rasa kome ba in an bar ta haka, yaro da kansa zai ƙaga mata fuskar da yake so. Igiya ko ƙyallen ɗaurawa kada tsawonsa ya wuce taƙi guda, domin kada ya naɗe wuya. Ƙananan batura masu kama da maɓalli, waɗanda ake sa wa kayan wasa masu kiɗa, kada su kusanci wannan aiki sam, gama in yaro ya haɗiye ɗaya tana iya ƙone masa maƙoshi cikin awa 2.

Ƙyalle da abin cushewa

A zaɓi yadin auduga mai saƙa a matse: guntayen atamfa, ko alawayyo, ko akoko, ko tsohon tawul da bai rauke ba. A wanke shi tukuna kafin a yanka, domin sitacinsa ya fita, in ma zai tsuke ya tsuke tun yanzu. Sa'an nan a jiƙa gefensa a goga shi a kan farin ƙyalle. In ya bar launi, to, zai zuba a bakin yaro, sai a ajiye shi don wani aiki. Leshi da yadi mai ƙyalƙyali ba su dace ba.

Abin cushewa ya fi kome muhimmanci, domin ba a ganinsa. Auduga tana da kyau in an gurje ta an fid da gurya sarai, an kuma shiɓe ta. Farar audugar roba da ake cusa wa matasan kai na zamani ta fi saurin bushewa, ita ce ta fi dacewa da abin da za a riƙa wankewa a kai a kai. Guntayen yadin da tela ke sharewa su ma suna yi, in an wanke su, an yayyanka ƙanana, an kuma laluba da hannu sau biyu saboda fil da karyayyar allura. Audugar rimi tana da laushi ƙwarai, iyayenmu sun daɗe suna cika matashi da ita, amma tana kama wuta nan da nan, kuma ba ta jure wanki. Garin katako, da ƙaiƙayi, da hatsi ko wake da wasu ke zubawa don abin ya yi nauyi, kada a yi amfani da su. Suna jawo ƙwari da ɓera, suna fumfuna in sun jiƙe, in kuma ɗinki ya farke cikin hanci da baki za su shiga. Leda ma haka.

Yadda ake ɗinkin

A zana siffar 'yar tsana a kan kwali, tsawonta kamar santimita 25, kai da jiki da hannuwa da ƙafafu duk a haɗe. Haɗa su wuri guda ya fi a ɗinka su dabam-dabam, domin hannun da aka liƙa shi ne ke fara ɓallewa. Hannu da ƙafa su yi kauri, kada faɗinsu ya gaza santimita 4, in ba haka ba juya su zai ba da wuya. A ninka yadi biyu, fuska da fuska, a ɗora kwalin, a zagaya shi da alli, a yanka ana barin santimita 1 a wajen layi.

Kafin a haɗa, a ɗauki ɓarin gaba a yi masa ido da baki, domin ƙulle-ƙullen zaren su kasance ta ciki. Bayan haka a mai da ɓarin biyu fuska da fuska, a bi layin alli da keke sau biyu. Wadda ba ta da keke ta ninka zare biyu, ta yi ɗinkin da allura ke komawa baya a kowane taki, takin kuwa kada ya wuce milimita 3. A bar ƙofa ta santimita 5 a gefen ciki. A ɗan tsattsaga bakin yadin da almakashi a wuya da hammata da tsakanin ƙafafu, ba tare da an taɓa ɗinki ba, in ba haka ba wurin zai tattare idan an juya.

Sai a juya ta, a fara cusa auduga kaɗan-kaɗan da gindin fensir, daga ƙafafu da hannuwa, sa'an nan kai, ciki daga ƙarshe. Wuya a cika shi sosai don kada kai ya langaɓe. A lanƙwasa bakin ƙofar ciki, a rufe da ƙananan taki, a koma a bi ta kansu. Gashin ulu mai reto yaro zai tsige shi ya ci, gara a ɗinke mata ɗankwali a ka, ko a zana kitso da zare. Riga ma a ɗinke ta a jiki.

Saƙa da kwarashi

Ƙwallo ita ce farkon abin da mai koyo za ta saƙa, kuma wadda ta iya ƙwallo ta iya kan kowace dabba. A ɗauki kwarashin da ya ɗan gaza wanda aka saba sa wa wannan ulu, domin saƙar ta matse, auduga kada ta leƙo. A yi ɗan zobe, a saƙa ido 6 a cikinsa. Zagaye na biyu a ninka su zama 12. Daga nan a riƙa ƙara 6 a kowane zagaye: 18, 24, 30, 36. A yi zagaye 6 ba ƙari ba ragi, sa'an nan a riƙa rage 6. In saura ido 12 a cusa auduga, a ƙarasa, a ja bakin zaren a ɓoye shi can ciki. In ɗan yatsa ya iya kutsawa tsakanin idanun saƙar, ta yi sako-sako, a warware a sake. Zaren auduga ya fi ulu mai gashi-gashi, domin shi ba ya barin zaruruwa a baki. Ulun roba kuma narkewa yake yi in ya taɓa wuta, ya manne wa fata, don haka a nisanta shi da murhu da fitila da maganin sauro na kunnawa.

Bayan an gama

Kafin a miƙa wa yaro, a kama hannun 'yar tsanar a fizga da ƙarfi, a ja kunne, a murɗa kai, a matsa ko'ina da tafin hannu ko an mance fil a ciki. Abin da bai jure hannun babba ba, ba zai jure haƙoran yaro ba.

Abin wasan da ke faɗuwa ƙasa ya koma baki hanya ce ta gudawa. A wanke shi da sabulu ko da sau ɗaya a mako, da kuma duk lokacin da yaron ya tashi daga ciwo, a ɗauraye sosai, a shanya a rana har cikinsa ya bushe. Da damina wannan na iya ɗaukar kwana 2, saboda haka ya kyautu a ɗinka biyu a riƙa musanyawa. A duk wanki a duba ɗinki, in ya fara buɗewa a gyara a ranar.

Jaririn da bai cika shekara 1 ba kada a kwantar da shi da 'yar tsana ko wani abu mai laushi a shimfiɗarsa, domin yana iya kifa fuska a kai ya kasa ɗagowa. Ya yi wasa da ita ido biyu, a gaban babba, in barci ya ɗauke shi a janye ta. Masu ɗinka na sayarwa kuma su riƙa tambayar mai saye shekarun yaron, in sun yi wadda ke da maɓalli ko duwatsu domin manyan yara, su faɗa masa a fili kada a bar ta inda ƙanensu zai kai hannu.