Yadda Cibiyar Karɓar Kiran Gaggawa Take Aiki a Amurka

'Yan'uwa, idan gobara ta tashi da tsakar dare, ko mace mai naƙuda ta fara zubar da jini, babu abin da ya kai lokaci tsada. A wannan darasi za mu duba yadda ƙananan hukumomin Amurka suke shirya wa irin wannan rana, domin mu ga abin da za mu iya koya.

Mafarin lambar 911

A dā, a garuruwan Amurka lambar 'yan sanda dabam take, ta 'yan kwana-kwana dabam, ta asibiti kuma dabam. Wanda gidansa ke cin wuta sai ya tsaya neman lamba a littafi. Ingila ce ta fara amfani da lamba ɗaya, wato 999, a shekara ta 1937. A Amurka an yi kiran farko da lambar 911 ran 16 ga Fabrairu, 1968, a ƙaramin garin Haleyville na jihar Alabama. A 1999 doka ta mai da ita lambar gaggawa ta ƙasar duka.

Wa yake ɗaukar wayar?

Yawancin jihohin Amurka an raba su zuwa yankuna da ake kira kaunti, kamar ƙananan hukumominmu, kuma yawansu ya wuce 3,000. A wurare da yawa kaunti ce take riƙe da cibiyar da kiran 911 yake shiga. Irin waɗannan cibiyoyi sun fi 5,000, kuma an ƙiyasta cewa suna karɓar kira wajen miliyan 240 a shekara. Ma'aikata suna karɓa-karɓa dare da rana, har ranakun hutu. Kuɗin gudanarwa yana fitowa daga harajin jama'a da kuma ɗan abin da ake ƙarawa a kan kuɗin waya. Ƙa'idar da ƙungiyar ma'aikatan ta kafa ita ce, a amsa kira 90 cikin 100 kafin daƙiƙa 15 su wuce.

Abin da ke faruwa idan kira ya shigo

Na ɗaya, mai karɓar kira yakan fara da tambayar wurin da abin ya faru. Dalili kuwa shi ne, idan waya ta yanke bayan an san wurin, ana iya aika taimako. Idan ba a san wurin ba, sauran bayanin bai da amfani. Wayar gida takan nuna adireshi a kwamfuta, amma yawancin kira yanzu da wayar hannu ake yi, ita kuwa ba kullum take nuna ainihin ƙofar gida ba.

Na biyu, sai ya tambayi abin da ya faru. Ba da ka yake tambaya ba, akwai jerin tambayoyi da aka tsara tun da wuri: Mutumin yana cikin hayyacinsa? Yana numfashi? Akwai wanda wuta ta rutsa da shi a ciki? Amsoshin ne suke nuna wanda za a fara zuwa wurinsa idan kira ya yi yawa.

Na uku, yana tambaya yana rubutawa a kwamfuta. Nan take mai tura taimako ya ga rubutun, ya duba taswira ya ga motar da ta fi kusa, ya kira ta ta rediyo. Saboda haka sau da yawa motar asibiti ta riga ta kama hanya alhali mai kira yana kan amsa tambayoyi.

Na huɗu, taimako yana farawa tun a waya. A kauntin King, inda birnin Seattle yake, tun farkon shekarun 1980 aka koya wa masu karɓar kira su riƙa gaya wa mutane yadda za su danna ƙirjin wanda zuciyarsa ta tsaya: a sa hannu biyu a tsakiyar ƙirji, a danna da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya, ba tsayawa har ma'aikata su iso. Kowane minti da ya wuce ba a yi haka ba yana rage begen rayuwa. Haka kuma sukan koyar da yadda za a tsai da jini, ko a taimaki mace da haihuwa ta zo mata a hanya.

Aikin yana da nauyi. Ma'aikacin yana jin kuka da ihu, amma dole muryarsa ta kasance a natse, sau da yawa kuma ba ya jin yadda maganar ta ƙare. Masu kiran wasa suna ƙara masa wahala, domin suna tare layin da mai bukata ke jira.

Abin da za mu koya

A Nijeriya akwai lambar gaggawa ta 112, kyauta ce, kuma Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta kafa cibiyoyinta a jihohi da dama. Mun sani a ƙauyuka da yawa taimako yana da nisa. Amma ƙarfin cibiyar kaunti ba kwamfuta kaɗai ba ce, shiri ne: kowa ya san lambar da zai kira, akwai mai amsawa kullum, kuma an san wanda za a aika. Da ma an ce, ba a fafe gora ranar tafiya. Idan mun kira, mu fara faɗin sunan ƙauye da wata alama, kamar makaranta ko gada, mu amsa tambayoyi a taƙaice, kada mu kashe waya sai an sallame mu.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Idan wani ya faɗi a gona yau, wa za mu fara kira?
2. Su wa suke da mota ko babur da za a iya tashe su da dare, kuma wa zai biya kuɗin mai?
3. Yaya za mu kwatanta wa baƙo hanyar ƙauyenmu da damina?
4. Mutum nawa a cikinmu suka koyi taimakon farko?