Darasi na 14: Daga Gadon Jinya zuwa Koyon Tafiya a Birnin Doha

Gabatarwa

Wannan darasi yana magana ne a kan wani mataki na jinya wanda ba a cika tattaunawa a kansa ba, wato lokacin da aka ɗauke majiyyaci daga asibitin da ya daɗe yana kwance, aka mai da shi wata cibiya inda zai sake koyon zama da tsayuwa da tafiya da magana. An ɗauki birnin Doha a matsayin misali. A karanta bayanin sau biyu, sannan a duba kalmomi da nahawu kafin a amsa tambayoyi.

Karatu

Doha ita ce babban birnin ƙasar Katar, wadda take a gaɓar Tekun Fasha. Yawan mutanen ƙasar ya kai kimanin miliyan 3, amma mafi yawansu baƙi ne da suka zo neman abinci daga Indiya da Nefal da Filifin da Masar da Sudan da sauran ƙasashen Afirka, har da Nijeriya. Saboda haka sau da yawa wanda ciwo ya kayar a Doha yana nesa da danginsa.

Manyan asibitocin gwamnati suna ƙarƙashin Hukumar Asibitocin Hamad, wadda aka kafa a shekarar 1979. Babban Asibitin Hamad, wanda aka buɗe a 1982, shi ne yake karɓar mafi yawan waɗanda suka yi mummunan haɗari ko suka sami shanyewar ɓarin jiki. Asibitin Rumaila kuwa ya girme shi, domin tun 1957 aka buɗe shi, kuma ya daɗe yana kula da tsofaffi da masu doguwar jinya. A can ne aka riƙa yin aikin farfaɗo da majiyyata kafin a gina wa aikin gida na kansa. Wannan gida shi ne Cibiyar Farfaɗo da Majiyyata ta Katar, wadda ake taƙaita sunanta da haruffan QRI. Ta fara karɓar mutane a ƙarshen 2016, aka yi bikin buɗe ta a watan Disamba na 2017. An gina ta da gadaje 193, kuma manyan ayyukanta sun haɗa da kula da masu shanyewar ɓarin jiki, da waɗanda suka sami rauni a ƙwaƙwalwa ko a laka, da masu ciwo mai naci, da kuma ƙananan yara.

Don a fahimci yadda abin yake, a ɗauki misalin wani magidanci Bahaushe mai aikin tuƙi a Doha. Hawan jini ya daɗe yana cinsa bai sani ba, wata safiya ya yanke jiki ya faɗi. Aka garzaya da shi asibiti, ya yi kwanaki a ɗakin kulawa ta musamman, sannan ya yi makonni a ɗakin majiyyata. Hannunsa da ƙafarsa na dama ba sa motsi, harshensa ya yi nauyi, abinci ma ta roba ake ba shi. Ƙaninsa ne yake zaman jinyarsa bayan ya tashi daga aiki, uwargidansa kuwa tana Kano, sai dai ta gan shi ta waya. Ran nan likita ya ce za a mai da shi cibiyar farfaɗowa.

Labari irin wannan yakan zo wa iyali da fassara biyu, kuma duka biyun kuskure ne. Wasu su ɗauka an sallame shi ke nan, ya warke, har su fara shirin tarbarsa. Wasu kuma su ɗauka likitoci sun gaza ne, shi ya sa suke neman rabuwa da shi. Gaskiyar maganar ita ce aikin asibitin farko ya ƙare, wato ceton rai, yanzu kuma sauran a mayar wa mai rai da abin da ciwo ya ƙwace masa. Ba a kuma karɓar kowa a irin wannan cibiya. Sai numfashinsa da bugun zuciyarsa sun daidaita, sai yana iya jure motsa jiki na wani lokaci kullum, sai kuma yana iya bin umarni ko da kaɗan ne. Wanda bai kai wannan matsayi ba, akan kai shi sashen doguwar jinya, irin na Rumaila ko Cibiyar Inaya. Ashe ke nan a ce an karɓi mutum alama ce ta cewa likitoci suna sa ran zai ci gaba.

Dalilin gaggauta wannan ƙaura kuwa shi ne doguwar kwanciya ita kanta cuta ce. Tsokar da ba ta aiki takan rame, gaɓoɓi su sandare, fatar baya da ta ɗuwawu ta yi gyambo, jini ya daskare a jijiyoyin ƙafa, majina ta taru a huhu. Shi ya sa ma'aikatan jinya suke juya majiyyaci a kan gado kusan kowane awa 2. Ban da wannan, ƙwaƙwalwar da ta sami rauni tana da ikon koya wa wasu sassanta aikin sashen da ya lalace, kuma wannan iko ya fi ƙarfi a watanni 3 zuwa 6 na farko. Duk makon da ya wuce a kwance ba tare da horo ba, wani abu ne ya salwanta.

Rayuwa a cibiyar farfaɗowa ta sha bamban da ta asibiti. A asibiti majiyyaci yana kwance ne ana yi masa. A nan kuwa shi ne mai aikin. Da safe zai tuɓe rigar asibiti ya sa tufafinsa. Likitan gashi zai koya masa juyawa a kan gado, da zama ba tare da jingina ba, da tsayuwa tsakanin ƙarafa biyu, da ɗaga ƙafa. Wani gwani zai koya masa ayyukan yau da kullum: riƙe cokali, sa maɓallin riga, wanka, da shiga bayan gida. Wata kuma za ta duba maganarsa da haɗiyarsa, ita ce za ta faɗi ranar da za a cire roba ya fara shan kunu da bakinsa. Akwai tafkin ruwan ɗumi inda nauyin jiki yake raguwa, har mai rauni ya iya taka ƙafarsa. Akwai kuma wani sashe da aka gina kamar unguwa, da kanti da mota da titi, domin a gwada mutum kafin ya fita waje. Ana auna ci gaba da ma'auni. Ɗaya daga cikin waɗanda aka fi sani a duniya yana duba ayyuka 18, yana ba kowanne maki daga 1 zuwa 7: maki 1 ga wanda sai an yi masa komai, maki 7 ga wanda ya tsaya da kansa.

A nan ne al'ada da magani sukan yi karo. A ƙasar Hausa mai jinya nagari shi ne wanda ba ya barin majiyyaci ya ɗaga ko tsinke. Zai ba shi abinci a baki, ya shafa masa mai, ya tare masa ƙuda. Ƙanin da ya zura ido yayansa yana fama da cokali, tuwo yana zuba a kan riga, zai ji kamar ya yi rashin tausayi. Amma abin da ake roƙonsa ke nan, ya riƙe hannunsa, ya bar mai ciwo ya gwada, domin cokalin da aka ɗaga masa yau, gobe ma sai an ɗaga masa. Shi ma yayan yana da nasa yaƙin. Mutumin da ya saba ciyar da gida ya wayi gari ƙaninsa ne yake kai shi bayan gida, kunya da baƙin ciki sukan rufe shi, wani lokaci har ya ƙi fita horo. Baƙin ciki mai tsanani bayan shanyewar jiki abu ne sananne ga likitoci, kuma yana da magani. Sau da yawa abin da yake ƙarfafa zuciyar irin wannan majiyyaci shi ne a ɗora horon a kan abin da yake ƙauna. Wanda aka ce wa ya miƙe hannu sau 20 zai iya gajiya, amma wanda burinsa ya yi alwala da kansa ya kai goshinsa ƙasa ba ya rasa dalilin tashi.

Zaman cibiyar na makonni ne ko 'yan watanni, kuma tun daga ranar farko ake shirin ranar fita. Ga baƙo, wannan shiri yana da nauyi, domin izinin zamansa a ƙasar yana rataye ne da aikinsa. In hannu bai koma daidai ba, tuƙi ya ƙare, sai tunanin komawa gida. Dole iyali su tambayi kansu: ƙofar ɗaki za ta ɗauki keken guragu? Wa zai riƙa kai shi gashi? A Kano akwai sashen gashi a Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka kafa a 1959, da kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, amma zuwa sau biyu ko uku a mako yana cin kuɗi da lokaci. Wajibi ne a karɓi cikakken rahoton likita da jerin magunguna kafin a hau jirgi, domin hawan jinin da ya kawo ciwon farko yana iya kawo na biyu.

Matsalar ba ta Doha ko Kano kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 2.4 ne suke da larurar da aikin farfaɗowa zai amfane su, kuma a 2023 babban taronta ya amince da ƙudurin ƙarfafa wannan aiki a ƙasashe. Ba kowane majiyyaci ne yake komawa yadda yake a dā ba. Wani zai fita da ƙafarsa, wani da sanda, wani a kan keke. Amma wanda ya shiga a kwance ya fita yana cin abinci da hannunsa ya sami abu mai yawa, shi da masu jinyarsa.

Kalmomi

- jinya ko jiyya: kula da marar lafiya, ko zaman ciwo
- majiyyaci, majiyyaciya, majiyyata: wanda yake fama da ciwo
- mai jinya: wanda yake kula da marar lafiya
- shanyewar ɓarin jiki: mutuwar gefe ɗaya na jiki saboda toshewar jijiyar jini a ƙwaƙwalwa ko fashewarta
- laka: jijiyar da take cikin ƙashin baya
- gashi: a nan, horon tsoka da gaɓoɓi da ake yi a asibiti
- gyambo: miki wanda ya daɗe bai warke ba
- sallama: a nan, izinin barin asibiti
- yanke jiki: faɗuwa ba zato ba tsammani
- dubiya: ziyarar marar lafiya

Nahawu

A lura da aikatau giredi na 5, wanda yake ƙarewa da *-ar* kuma *da* take biye da shi kafin karɓau. Yana nuna cewa wani ne ya sa abin ya auku ga wani:

- Ya kwanta. / Likita ya kwantar da shi.
- Ta warke. / Magani ya warkar da ita.
- Sun zauna. / An zaunar da su.
- Ya tsaya. / Ƙaninsa ya tsayar da shi.

A lura kuma cewa *farfaɗo da* ba ya cikin wannan rukuni. *Farfaɗo* giredi na 6 ne, *da* ce kawai ta ba shi damar ɗaukar karɓau: Ya farfaɗo. / An farfaɗo da shi.

Al'ada: gaisuwar dubiya

Ba a tambayar majiyyaci sunan ciwonsa kai tsaye, kuma shi ma ko yana jin jiki ba ya cewa babu sauƙi. Ga yadda uwargida takan gai da maigidanta da ƙaninsa ta waya:

Uwargida: Salamu alaikum. Sannu, Malam. Yaya ƙarfin jiki?
Maigida: Da sauƙi, alhamdu lillahi.
Uwargida: Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne.
Maigida: Amin. Yaya yara?
Uwargida: Suna lafiya, suna gaishe ka. Ƙanina, sannu da jinya. Yaya mai jiki?
Ƙani: Jiki ya yi kyau, Yaya. Yau da kansa ya sha kunu.
Uwargida: Madalla! Allah ya bar zumunci.

Tambayoyi

1. Wane bambanci ne yake tsakanin aikin Babban Asibitin Hamad da na cibiyar farfaɗowa?
2. Waɗanne sharuɗɗa ne ake dubawa kafin a karɓi majiyyaci a cibiyar?
3. A kawo illoli huɗu na doguwar kwanciya.
4. Me ya sa ake roƙon mai jinya ya rage taimako?
5. Waɗanne abubuwa ne iyali za su tanada kafin majiyyaci ya koma Kano?
6. A mai da waɗannan zuwa giredi na 5, a sa kowanne a cikin jimla: tashi, ci, sha, fita, koma.

Aikin gida

Hausawa suna cewa, "Da rarrafe yaro kan tashi." Suna kuma cewa, "Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka." A zaɓi ɗaya daga cikin waɗannan karin magana, a rubuta shafi guda a bayyana yadda ya dace da labarin magidancin da ƙaninsa.