Haɗarin Gaɓar Teku Ga Iyalan Ƙasar Kwanni Masu Zuwa Hutu

Dangantakar kasuwanci da ta daɗe tsakanin Birnin Kwanni da tashoshin jiragen ruwa na Kwatano da Lome ta sa 'yan kasuwa da ma'aikata daga Kwanni da Malbaza da Illela sun saba ɗaukar iyalansu zuwa waɗannan birane idan makarantu sun tashi babban hutu, kuma da wuya a koma gida ba a kai yara bakin teku ba, ko dai a unguwar Fidjrossè ta Kwatano, ko a Wida, ko a Grand-Popo da ke kusa da iyakar Togo. Wannan hutu yana faɗowa tsakanin Yuli da Satumba, watannin da igiyoyin da ke tasowa daga kudancin Tekun Atalantika suke dukan gaɓar Benin da Togo da ƙarfin da ya fi na sauran shekara.

Abin da ya fi tayar da hankalin ma'aikacin jinya shi ne wanda ya iya iyo, domin yaron da ya koyi ninƙaya a Maggiya ko a madatsar Mozage ya saba da ruwan da ko dai yana kwance ko yana tafiya fuska ɗaya, alhali ruwan teku yana cikowa yana janyewa sau biyu a kwana guda, kuma rairayin wannan gaɓa yana gangarawa da sauri, ta yadda wanda ruwa ke iya gwiwarsa zai ƙara taku biyu ya rasa ƙasa. Mafi muni shi ne ruwa mai ja baya, wato ruwan da igiyoyi suka tara a gaɓa, wanda yake samun siririyar kafa tsakanin tudun rairayi ya koma cikin teku da gudun da zai iya wuce mita 2 a daƙiƙa, gudun da ko gwanin ninƙaya ba ya iya yi wa gaba da gaba. Alamarsa tana yaudarar baƙo, domin wurin yakan fi duhu, ya fi kwanciya, ba ya kumfa, igiyoyi kuwa suna fashewa dama da hagunsa, sai uba ya zaɓe shi don 'ya'yansa yana zaton ya zaɓi lafiya.

Wannan ruwa yana jan mutum nesa da gaɓa ne, ba ya danna shi ƙasa, gajiyar kokawa da shi ce ke kashewa. Wanda ya faɗa cikinsa sai ya kwanta rigingine ya ɗaga hannu ɗaya don a gan shi, idan kuma da sauran ƙarfi ya yi iyo gefe, yana bin tsawon gaɓa, har ya fita daga kafar. Babbar riga da zani da dogon hijabi suna nauyi suna naɗe ƙafa da zarar sun jiƙe, saboda haka mai ɗaukar hoto a bakin ruwa sanye da irin waɗannan kaya bai kamata ya juya wa teku baya ba. Masuntan wurin, waɗanda kullum suke tura kwale-kwale ta cikin waɗannan igiyoyi, sun fi kowa sanin inda ba a shiga, kuma tambayarsu ba ta cin ko dala.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5, kuma ƙaramin yaro yakan nutse shiru, ba ihu ba fantsama ruwa. Don haka dole a ware babba guda wanda ba shi da wani aiki sai kallon yara, a tazarar da hannunsa zai kai gare su, ba a ɗora wannan nauyi a kan yayarsu 'yar shekara goma ba.

Kuskuren da ake gani a ɗakin gaggawa kowace damina, idan aka kawo yaron da aka tsamo daga kududdufi, shi ne an riƙe shi ta ƙafafu kai a ƙasa, ko an yi ta danna masa ciki don ruwa ya fito, har ya amayo abinci ya shaƙe shi, alhali ƙwaƙwalwarsa iska take nema, kuma 'yan mintoci kaɗan na rashinta sun isa su lalata ta. Abin yi shi ne a kwantar da shi a wuri mai tauri, a ɗan ɗaga haɓarsa, idan ba ya numfashi a toshe hancinsa a hura masa iska baki da baki sau 5 ana lura da tashin ƙirji, sannan a danna tsakiyar ƙirjin sau 30 a hura sau 2, a ci gaba da haka ba tsayawa har taimako ya iso. Idan kuwa yana numfashi, sai a kwantar da shi kan gefensa, a cire jiƙaƙƙun kaya a lulluɓe shi.

Ko da yaron ya farfaɗo ya tashi zaune, wajibi ne a kai shi asibiti, domin ruwan da ya shiga huhu yana iya haddasa tari da sarƙewar numfashi bayan wasu sa'o'i, musamman cikin dare, lokacin da iyalin suka koma masauki kowa ya yi barci.