Amsoshin Tambayoyinku: Jesse Jagz da Sana'ar Haɗa Kiɗa

 

Wasiƙarmu ta farko daga wani matashi ce a Funtua. Yana cewa: "Don Allah a raba mana gardama a majalisarmu. Jesse Jagz mawaƙi ne ko mai haɗa kiɗa?"

To ɗan'uwa, kowa ya yi gaskiya, domin duka biyun yake yi. Sunansa Jesse Garba Abaga, asalin gidansu daga jihar Taraba, amma a Jos ya tashi, kuma ƙanen M.I ne, fitaccen mawaƙin gambarar zamani. Kamfanin Chocolate City, wanda lauya Audu Maikori ɗan jihar Kaduna ya kafa da abokansa a 2005, shi ya ɗauki 'yan'uwan biyu tare da Ice Prince. A 2010 Jesse ya fitar da albam ɗinsa na farko, "Jag of All Tradez". A shekarar kuma ya haɗa kiɗan "Oleku", waƙar da ta ɗaga Ice Prince a faɗin Najeriya. Sai dai mutum nawa ne suka san hannunsa ne a ciki? Ku mutanen Funtua kun fi kowa sanin wannan: kowa na yabon Alhaji Mamman Shata, amma ƙalilan ne za su iya lissafo masu kalangun da ke bayansa.

A 2012 Jesse ya bar kamfanin ya kafa nasa, Jagz Nation. Can ya fitar da "Thy Nation Come" a 2013 da "Royal Niger Company" a 2014. A 2015 ya koma Chocolate City, shekarar da yayansa ya zama shugaban kamfanin, sannan ya saki "Odysseus" a 2017.

Sai tambaya ta biyu daga Malumfashi. Wannan bawan Allah ya ce ya sayar da masararsa ya sayi kwamfuta, yana haɗa wa samari kiɗa. Yana tambaya: ya nemi kamfani ne, ko ya ci gashin kansa?

Malam, tarihin da muka karanto ya ba ka rabin amsa. Kamfani yana da kuɗin talla da hanyar kai waƙa kunnen jama'a, amma sau da yawa shi ke mallakar abin da aka naɗa. Zaman kanka kuwa 'yanci ne, sai dai kowane kwabo daga aljihunka zai fito. Don Jazzy ma furodusa ne: da kamfanin Mo'Hits ya watse tsakaninsa da D'banj a 2012, ya kafa nasa, Mavin, har kamfanin Universal ya sayi kaso mafi girma a cikinsa a 2024.

Shawararmu, duk kiɗan da ka sayar, a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu: nawa aka biya, wa ya mallaki kiɗan, kuma a sa sunanka a jikin waƙar. Kada kunyar aboki ta sa ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba.

Ku ci gaba da aiko da tambayoyinku. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, ku huta lafiya.